Yadda Ake Haɗa Randa Cikin Randa Don Adana Kayan Miya Ba Tare da Lantarki Ba

Duk wanda ya sha ruwan randa da tsakar ranar bazara ya san ya fi na jarka sanyi, ko da inuwa ɗaya aka ajiye su. Dalili kuwa, jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da yake manne da shi. Haka zufa ke sanyaya jikin mutum. Zafin da ake kwashewa ba kaɗan ba ne: abin da lita ɗaya ke ɗauka kafin ta ƙafe ya ninka sau 5 wanda ake buƙata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa.

Wannan hikima ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya ɗauka a shekarun 1990. Ya sa tukunya cikin tukunya, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rarraba wa mutanen karkara. Aikin ya kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000, mujallar Time kuma ta sa shi cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren 2001. Rahotannin aikinsa sun nuna gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a cikin tukunyar.

Kayan da za a tanada

Randa biyu masu faɗin baki, babba da ƙarama; yashin rafi; ruwa mai tsabta; duwatsu uku ko bulo; faifai; da tsumma mai kauri ko buhun algarara.

Mataki na 1: Zaɓen randa

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Randar waje dole ta zama ta yumɓu zalla, wadda ba a shafa mata fenti ko siminti ba, domin su ne ke toshe ƙofofin da sanyi ya dogara da su. A ƙwanƙwasa ta a ji ƙararta, tsagaggiya ba ta amo mai kyau. Sannan a cika ta da ruwa a bar ta 'yan sa'o'i. In bayanta ya yi laima da sanyi, ta yi. In ruwa na ɗiga, ta cika yoyo. In kuwa bayan a bushe yake ƙamas, ba za ta sanyaya komai ba.

Ƙaramar ta shige cikin babbar har a sami sararin yatsu 2 zuwa 3 ta kowane gefe, wato kamar santimita 3 zuwa 5. Ita an fi so kada ta shigar da ruwa ciki. Ya fi sauƙi a je wurin magini a sa ya gina su biyun tare.

Mataki na 2: Zaɓen wuri

A zaɓi wuri tun kafin a zuba yashi, don bayan an haɗa ɗagawa sai da wahala. Ana son inuwa mai iska: gindin darbejiya, rumfa, ko baranda. Ɗaki rufaffe bai dace ba, domin iskar cikinsa takan ƙoshi da laima ta daina busar da jikin randar. A ɗora babbar a kan duwatsu uku yadda iska za ta ratsa har ƙarƙashinta.

Mataki na 3: Gyaran yashi

A tankaɗe yashin a fitar da tsakuwa da ƙirare, a wanke shi har ruwan ya yi garau. Yashi mai laka yakan liƙe jikin randa ta ciki.

Mataki na 4: Haɗawa

A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a kai, a yi ta ƙarawa ko ragewa har bakunansu su zo daidai. Sai a cike gefe a hankali ana dannawa, a bar kamar yatsa ɗaya daga sama don wurin zuba ruwa.

Mataki na 5: Jiƙawa

A riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana zagaya bakin har yashin ya daina sha. Kada a cika, don ƙaramar randar na iya tasowa. A rufe a bar ta ta kwana kafin a sa komai, cikinta ya huce.

Mataki na 6: Jera kaya

Tumatir, tattasai, attaruhu, gauta, kuɓewa, karas, kabeji da alayyafo duk suna jin daɗinta. Ban da sanyi, laimar cikinta na hana su yaushi. A tsince wanda ya fashe ko ya fara ruɓa, domin guda ɗaya yakan ɓata sauran. In an wanke, a bari su tsane. Masu nauyi a ƙasa, masu taushi a sama. Ayaba, mangwaro da nunannen tumatir suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke sa ganye saurin yin rawaya, saboda haka a raba su da alayyafo. A rufe da faifai, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma.

Mataki na 7: Kulawar yau da kullum

A ƙara wa yashi da tsumma ruwa safe da yamma, ranar tsananin zafi har da azahar. A duba kayan kullum, a kuma kwashe su a goge cikin randar duk mako. A guji ruwan zartsi: gishirinsa na taruwa fari-fari a bayan randa ya toshe ta. In an ga haka, a kankare da buroshi.

Abin da ba ta iyawa

Randa ba firji ba ce. Firji na aiki a wajen digiri 4, ita kuwa rage zafin da ke gari kawai take yi. Don haka ba a ajiye nama, kifi ko madara a ciki, haka nan allurar rigakafi da duk maganin da likita ya ce a sa a firji. Albasa, tafarnuwa da hatsi busasshen wuri suke so, laima ruɓar da su take yi. Ƙarfinta yana bazara da hunturu, lokacin da iska ke a bushe. Da damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, sanyinta yakan ragu sosai.

Ga uwargida, amfaninta shi ne cefanen ranar kasuwa ya kai mako. Ga mai sayar da kayan gwari, ba sai ya karyar da farashi da magariba don tsoron asara ba. In wata rana aka ga ba ta sanyi, a taɓa bayanta. In a bushe yake, ko ruwa ya yi ƙaranci ko ƙofofin sun toshe. In da laima amma ba sanyi, iska ce ba ta isa wurin, sai a sauya mata mazauni.