Kafin Ka Kwaso Abin da Ka Gani a Baje Kolin Kano

Duk ƙarshen shekara mutanenmu daga Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura kan leƙa kasuwar baje koli da ƙungiyar 'yan kasuwa ta Kano, KACCIMA, ke shiryawa a titin gidan Zoo, su dawo ido cike da tayil mai sheƙi, silin na POP da manyan tagogin gilashi. Sha'awa ba laifi ba ce, amma maigida, ka fara da rufinka. In kwano yana yoyo, POP zai jiƙe ya yi dabbare-dabbare tun daminar farko. Gyaran indararo da magudanar ruwa ya fi komai gaggawa, musamman a gidajen gindin duwatsun Kazaure da Roni, inda ruwa ke gangarowa da ƙarfi.

Ka tuna zafin Afrilu. Baƙin kwano yana tara zafi, in kuwa ka sa babbar tagar gilashi mai kallon yamma, ɗakin ba zai kwantu ba sai tsakar dare. Abin da ya fi damuna shi ne filastar siminti a kan ginin ƙasa: ba ta kama jikinsa sosai, ruwa kan shiga ta tsaga ya ci bangon a ɓoye. Yaɓe mai kyau ya fi ta aminci.

Sola tana da amfani, sai dai ka tambayi shekarun batirin, ka kuma shirya goge ƙurar hunturu daga farantan. Kafin ka biya, haɗa kuɗin mota zuwa garinku, sannan ka tabbata akwai magini kusa da ya iya aikin.