Sunan Zuriya O'Brien: Ƙirarsa, Asalinsa da Fitattun Masu Amsa Shi

1.0 Gabatarwa

Ayilan na cikin ƙasashen Turai da suka fara amfani da sunan zuriya na gado, tun wajajen ƙarni na 10 zuwa na 11. Wannan maƙala ta ɗauki O'Brien a matsayin misali domin nuna yadda suna guda kan adana nahawu da tarihin sarauta da tabon mulkin mallaka.

2.0 Ƙirar Sunan

Siffarsa ta asali a harshen Gelik ita ce Ó Briain. Ɗafin Ó ya samo tushe daga tsohuwar kalmar ua, wato jika, Briain kuwa siffar mallaka ce ta Brian. Ma'anar ke nan "jikan Brian". 'Ya mace takan amsa Ní Bhriain, inda ake furta bh kamar v. Saɓanin "ɗan" na Hausa, wanda galibi kan sauya da sauyawar uba, Ó ya tsaya ga kaka guda, zuriya ta yi ta gadonsa.

3.0 Asali da Sauye-sauye

Kakan shi ne Brian Boru na ƙabilar Dál gCais, babban sarkin Ayilan, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Zuriyarsa ta mulki Thomond har 1543, lokacin da Murrough O'Brien ya yi mubaya'a ga Sarki Henry VIII na Ingila, aka musanya masa sarautar gargajiya da muƙamin Earl. A ƙarƙashin Ingilishi aka sauya rubutun sunan, wasu iyalai ma suka yar da ɗafin. Farfaɗo da harshen bayan kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge a 1893 ya sa da yawa suka maido da shi.

4.0 Fitattun Masu Sunan

William Smith O'Brien ya jagoranci boren 1848. Edna O'Brien marubuciya ce da aka haramta littafinta The Country Girls na 1960 a ƙasarta. Conor Cruise O'Brien ya wakilci Majalisar Ɗinkin Duniya a Katanga a 1961, sannan ya shugabanci Jami'ar Gana daga 1962 zuwa 1965. Flann O'Brien kuwa sunan alƙalami ne na Brian O'Nolan.

5.0 Kammalawa

Yar da Ó da maido shi sun tafi tare da durƙushewar harshen da farfaɗowarsa. Don haka mai nazarin sunaye ba zai wadatu da ma'ana ba sai ya bi tarihin rubutun sunan.