Zuwa ga Matasan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Kada Ku Bar Rumfa Sai An Ƙirga



Akwai ɗabi'ar da ta zama jiki a ranar zaɓe. Mutum zai yi sammako, ya sha rana a layi, na'urar BVAS ta tantance shi, a shafa masa tawada a farce, ya dangwala, sai ya kama hanyar gida yana ganin ya sauke nauyi. Rabin aikin ke nan ya yi. Kamar manomin da ya yi huɗa, ya yi noma, ya girbe dawa, sannan ya bar ta a gona babu mai gadi. Nasihata gare ku ɗaya ce: wanda ya samu hali ya tsaya a rumfarsa har a ƙirga ƙuri'u a gabansa, a rubuta sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a liƙa a bango.

Hujjata tana cikin mazaɓarku. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, an bayyana Jamilu Mohammed na PDP a matsayin wanda ya lashe kujerar majalisar wakilai ta Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Aka tafi kotu, kotu ta ce a sake zaɓe a wasu rumfuna. Ranar 3 ga Fabrairu, 2024 aka sake, Shehu Ɗalhatu Tafoki na APC ya karɓi kujerar da 'yar ƙaramar rata. Ko wane ɓangare kuke, darasin ɗaya ne: kujerar da ke wakiltar ƙananan hukumomi uku a Abuja, rumfuna ƙalilan ne suka juya ta. Wata rumfar a gindin bishiya take, wata a ajin firamare da babu ƙofa. Wanda ya raina rumfar ƙauyensu bai san inda ake yanka ba.

Ku dubi yadda yinin yake tafiya. Ka'idar hukumar INEC ita ce a buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi da 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya jefa ƙuri'arsa. Daga nan jami'in rumfa, wanda galibi ɗan bautar ƙasa ne baƙo a garin, zai zazzage akwati a bainar jama'a, ya ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, jama'a na ƙirgawa tare da shi da babbar murya. A nan ne ake gardama kan ƙuri'ar da tawada ta taɓa gida biyu saboda an naɗe takardar kafin ta bushe. A nan ne ake cika takardar sakamako ta EC8A, a ɗauki hotonta da na'urar BVAS don turawa shafin INEC na duba sakamako, wato IReV. Idan mutum hamsin na tsaye suna kallo, da wuya alƙalami ya mai da 18 ta koma 81. Idan kowa ya watse, an bar yaron nan baƙo shi kaɗai da masu son ya yi kuskure.

Na san abin da za ku ce, kuma ba zan raina shi ba. Za ku ce tsaro. Ku ne kuka ga daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ku ne aka katse wa layukan waya a 2021. Da yawanku katinsu na ɗauke da sunan ƙauyen da suka baro suka dawo cikin gari. Wanda zai bi hanyar daji kafin magariba, ba ni da bakin ce masa ya jira. Rai ya fi ƙuri'a. Dattawa, masu juna biyu da masu goyo su ma su koma gida da wuri. Amma wannan ne ma ya ɗora nauyin a wuyan matashin da gidansa ke kusa da rumfa. Ku tsara tun kafin ranar: su wa za su tsaya, wa zai kawo ruwa, wa ke da fitila idan ƙirga ta kai dare.

Wasu kuma za su ce ai a wurin tattara sakamako ake murɗiya, ko kuma kotu ce ke zaɓe, don haka da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gaskiya ne an yi ƙorafi mai yawa a 2023 kan jinkirin ɗora sakamakon shugaban ƙasa a IReV. Sai dai kotu da takarda take aiki. Wanda ya je gabanta da kwafin sakamakon rumfa mai sa hannu yana da abin nunawa, wanda ya je da "an ce" zai dawo hannu rabbana. Hoton da kuka ɗauka da waya bayan an liƙa sakamako shi ne abin da za a gwada da lambar da ta isa ƙaramar hukuma.

Tsayuwar da nake nufi ba ta gora da adda ba ce. Duk rumfar da aka hargitsa ana iya soke ta, ƙuri'ar mahaifiyarku da ta yini a layi ta tafi a banza. Haka wanda ya karɓi taliya, sabulu ko 'yan canji a bayan rumfa, bakinsa ya mutu lokacin ƙirga, domin ya riga ya sayar da abin da zai tsare.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin masu rajista sama da miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Kada ku shiga sahun sauran. Ku nemo katinku tun yanzu, ku tabbatar da inda rumfarku take, ku fita da wuri, kuma ku tsaya har a liƙa sakamako. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya tsare ku a hanya.

Wassalam.