Iyakar da Ido Ba Ya Gani Tsakaninmu da Namun Daji

Yau a filinmu na kimiyya za mu duba yadda magidanci zai tsare 'ya'yansa in ya fita da su yawo a ƙasa cikin gandun daji, kamar yadda waɗansu 'yan'uwanmu mazauna Amurka su kan yi lokacin hutu.

Wani masanin dabbobi na ƙasar Suwizalan, Heini Hediger, wanda ya shugabanci gidan namun daji na birnin Zurich daga 1954 zuwa 1973, ya bayyana cewa kowane naman daji yana da wata iyaka kewaye da shi wadda ido ba ya gani. In mutum ya tsaya nesa da ita, dabbar ba ta kula shi. In ya ƙetare ta, sai dabbar ta gudu. Amma in ya ƙara matsowa, ga shi kuwa ba ta da hanyar tsira, ko kuwa tana tare da ɗanta, to, sai ta juyo ta far masa. Watau sau da yawa tsoro ne ke sa dabba ta kai farmaki.

Yaro kuwa bai san da wannan iyaka ba. Da ya hangi ɗan maraƙi, sai ya sheƙa don ya taɓa shi.

Saboda haka a gandun Yellowstone na Amurka, wanda aka kafa a 1872, doka ta auna iyakar da yadi. Kada a kusanci beyar ko kyarkeci ƙasa da yadi 100, ɓauna kuwa yadi 25. Ɓaunar can, in tana kiwo, sai ka ce saniyar gida. Amma namijin ya kan kai nauyin laba 2,000, gudunsa kuma ya ninka na mutum sau uku. Ba dabbar da ta fi ta raunata mutane a wannan gandu.

To, ga abin da ya kamata. Yara su tafi tsakanin manya, babba gaba, babba baya. A riƙa hira da ƙarfi, domin beyar in ta ji muryar mutane ta kan kauce tun ba a gamu ba; sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kada a ba dabba abinci, domin wadda ta saba da hannun mutum ta daina jin tsoronsa. In kuwa aka yi kiciɓis, kada kowa ya gudu, gama gudu shi ke sa mai cin nama ya bi. A ɗauki ƙaramin yaro, a fuskanci dabbar, a ja da baya sannu a hankali, a bar mata hanya.

Lalle a koya wa yara wannan tun a gida, kafin a kama hanya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.