Darasi: Me Ka Jinginar Ranar Da Ka Ci Bashi A Waya?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tambayoyi sun yi yawa a akwatin saƙo game da manhajojin nan da ke ba da bashi cikin minti biyar, "ba jingina, ba mai tsaya maka". Kafin mu je ga hukunci, ina so mu fara sanin yadda abin yake aiki, domin malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa.

Bashi ta waya ya fara ƙarfi ne a Kenya. A 2007 kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa na tura kuɗi, a 2012 kuma aka ɗora masa M-Shwari, inda mutum zai yi ajiya ya kuma ci ƙaramin bashi daga wayarsa. Da aka ga akwai kasuwa, sai ƙananan kamfanonin fasaha suka yi ca, har abin ya iso Najeriya. Mu kuma tun 2014 muna da BVN, lambar da ke haɗe duk asusun mutum na banki, ga wayoyin Android sun yi araha. Hanya ta buɗe ke nan.

To, ka tambayi kanka: wanda bai taɓa ganinka ba, bai san unguwarku ba, bai san mahaifinka ba, me ya dogara da shi har ya tura maka kuɗi? Amsar tana cikin 'yan tambayoyin da manhajar ke jero maka da zarar ka buɗe ta, waɗanda mafi yawanmu ke danna musu amincewa ba tare da karantawa ba, don ido ya rufe ana neman na cefane. Tun daga Android 6, wanda ya fito a 2015, dole manhaja ta nemi izininka kafin ta taɓa wasu sassa na wayarka. Idan ka ba ta izinin saƙonni, za ta karanta alat ɗin bankinka, ta san nawa ke shigo maka da ranar da albashi ke sauka. Idan ka ba ta izinin wuri, ta san inda kake kwana. Idan kuwa ka ba ta izinin lambobi, sai ta kwafe sunan duk wanda ke wayarka ta tura kwamfutocin kamfanin: surukarka, limaminku, maigidanka a wurin aiki, har tsohon abokin da kuka shekara biyar ba ku gaisa ba. Goge manhajar daga baya ba ya dawo da abin da aka riga aka kwafa.

Jinginar ke nan. Ba fili ka ajiye ba, ba babur ba, mutuncinka ka ajiye. Abin da ya fi damuna ma shi ne ba naka kaɗai ba ne. Wanda ya ba ka lambarsa amana ya ba ka don ku yi zumunci, bai ce ka miƙa ta ga mai bin bashi ba. Ranar da ka makara da biya, wasu daga cikin waɗannan kamfanoni sai su bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya da saƙo, cewa wane ɓarawo ne, ya gudu da kuɗin mutane. An ga ma waɗanda aka haɗa hotonsu da sanarwar rasuwa alhali suna raye. Subhanallah! A kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba.

Yanzu lissafi. A ce an ba ka naira 10,000, za ka mayar da 13,000 bayan kwana 7. Ka ga kamar dubu uku ce kawai, ko? Kashi 30 cikin ɗari ke nan a mako guda. Ka ninka sau 52, za ka ga ya kai kashi 1,560 a shekara, ban da tarar makara. Dalilin wannan tsada a fili yake: kamfanin ya san da yawa ba za su biya ba, sai ya ɗora asararsu a kan masu biya, ga kuma masu zuba jari suna jiran riba da gaggawa. Shi ya sa da ka biya na farko za a yi maka tayin wanda ya fi shi, wani kuma ya ci a manhaja ta biyu don ya toshe ta farko.

Hukunci a nan ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙarin da aka shardanta a kan bashi riba ce, ko an kira shi kuɗin hidima ko kuɗin sarrafawa, matuƙar yana hawa da yawan bashin da tsawon kwanakinsa. Kuma ku duba ƙarshen Suratul Baƙara: aya ta 280 ta yi umarni da a saurara wa wanda yake cikin ƙunci, ta 282 kuma, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta tsara rubuta bashi da kafa shaidu. Ina wannan, ina tozarta mutum a gaban surukansa?

Hukumomi sun motsa, ko da yake a makare. A Maris 2022 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. A 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, a Yunin shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. Sai dai masu son zuciya sun sake hanya: suna turo manhajar ta mahaɗi a WhatsApp ko saƙon tes, ka sauke ta kai tsaye ba ta bi ta Play Store ba. Irin wannan babu mai tace ta. Sannan rajistar FCCPC tana rage cin mutunci ne, ba ta mayar da riba halal.

Ina da magana da 'ya'yanmu masu koyon rubuta manhaja da gina shafukan intanet, kuma ina murna da yawansu. Kun fi ni sanin cewa neman izinin lambobi layi ɗaya ne a cikin aikin. Wani zai ce shi ma'aikaci ne, abin da aka sa shi ya rubuta. A'a ɗana, hannunka ne ya buɗe ƙofar. Idan manhajarka ta sayar da atamfa ce, me ya haɗa ta da saƙonnin mutum? Ga fage nan a buɗe da ba a cike ba: manhajar da za ta riƙe wa mata lissafin adashi, ko wadda za ta rubuta bashin ɗan kasuwa da shaidunsa. Tunda Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, ai an ga cewa harkar kuɗi ba ruwa tana da masu so.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, uwar kuɗin da ya karɓa haƙƙi ce a wuyansa, ya yi ƙoƙari ya sauke ta, kada ya ƙara cin wani. Yau ɗin nan ya shiga saitin wayarsa, sashen izinin manhajoji, ya janye na lambobi da saƙonni da hotuna. Idan ya ba su lambar katinsa na ATM, ya je banki a rufe katin a ba shi sabo. Saƙonnin barazana kuma kada ya goge su, ya ɗauki hotonsu, don su ne hujjarsa idan zai kai ƙara FCCPC.

Wallahu a'alam.