Sayen mota ga mazaunin lungu

Tambaya: Malam, a Yakasai nake, lungunmu matsattse ne. Na tara kuɗi zan sayi 'yar Kwatano. Me zan duba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka. Fara neman inda za ta kwana, don in ba ta shiga lungu, kuɗin mai gadi na jiranka kullum. Ƙarama ta fi maka, irin Corolla. Kayanta ba sa wuya a Ƙofar Ruwa. Tafi da bakanikenka, kada ka yarda da na dillali. Ku tayar da ita da sassafe, ku lura da hayaƙi da ɗigon baƙin mai. In lambar jikinta ta saɓa da takardun kwastan, haƙura komai arharta. Ka kuma rage kuɗin juye da tayoyi.