Tsabtar Baki Ga Mai Ciwon Hannu

Jama'a, ku sani tsabtar baki wajibi ce a kan kowa, mai lafiya da marar lafiya. Amma a ƙasar Damagaram akwai mutane da yawa da riƙon asuwaki ko buroshi ke yi wa wuya: tsofaffi masu amosanin gaɓɓai, masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda kuturta ta cinye wa jijiyoyin yatsu, irin waɗanda aka daɗe da sani a unguwar Kara-Kara. Maganin kuturta kyauta ake ba da shi tun 1995, amma ba ya mayar da yatsan da ya riga ya lanƙwashe. Idan aka daina wanke baki, dauɗa takan taru a gindin haƙora, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su fara girgiɗi. Wanda ya rasa haƙora kuwa ya rasa tauna, sai rama ta biyo baya.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Da farko a kaurara mariƙin buroshi: a nannaɗe shi da tsumma, ko a cusa shi cikin robar hannun keke. Idan yatsu ba sa damƙa ko kaɗan, a kai wa baduku a Kasuwar Dole ya ɗinka ɗan maɗaurin fata mai zagaye tafin hannu, a soke buroshin a ciki. Mai ciwon kafaɗa a ɗaura masa buroshin jikin itace don ya ƙara tsawo. Mai asuwaki a zaɓar masa kakkaura, a daddaka masa bakinsa ya yi laushi.

A zauna, a dafa gwiwar hannu bisa cinya, a goge a hankali minti 2, safe da dare, da man goge baki gwargwadon ƙwayar wake.

Sai gargaɗi biyu. Wanda hannunsa ya daina jin zafi, kada a matse masa maɗauri, kuma a riƙa duba fatar kullum, don gyambo kan shiga bai sani ba. Mai shanyewar jiki kuma a zaunar da shi tsaf don kada ya ƙware, a duba kuncin da ya shanye, nan abinci ke maƙalewa.

Ku masu jinya, ku bar mai ciwon hannu ya yi iyakar abin da zai iya da hannunsa, ku ƙarasa masa saura. In dasashi bai daina jini ba, ko haƙori ya dame shi, a kai shi wurin likitan haƙori a Babban Asibitin Damagaram tun kafin fuska ta kumbura.